Murar Hunturu da Kwana Ukun Farko

Ɗana, tunda ka girma har ka ajiye iyali, akwai maganar da nake so mu yi kafin ɗari ya kankama. 'Yata, ke ma matso kusa, rabin maganar taki ce. Zancen mura ne, murar nan da mu mutanen Maine-Soroa ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. A tambayi mutum ya jiki, sai ya ja majina ya ce, "Ai 'yar mura ce," ya ɗauki takalminsa ya fita. Ni ma haka na daɗe ina cewa, har shekarar da 'yar murar nan ta kwantar mini da mutum bakwai cikin mako guda, ta kuma kusa raba ni da mahaifiyata.

Watan Janairu ne. Iska ta kwana tana kaɗawa, hazo ya rufe gari har ba a hango tudun rairayin bayan gari. Autana, yana ɗan shekara biyar a lokacin, ya dawo daga makarantar allo da yamma idonsa ja wur, ya ƙi tuwo, ya kwanta a bakin murhu yana rawar ɗari. Da kakarsa ta taɓa goshinsa sai ta ce, "Ku miƙo mini mijina, yau a bargona zai kwana." Aka kai shi ɗakinta. Aka ja ƙyaure, aka cusa tsumma a ƙarƙashinsa, aka toshe 'yar tagar da buhu, aka shigar da kaskon garwashi. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi, don haka sauran yara huɗu suka kwaso tabarminsu suka bi shi can. Ina tsaye ina kallo, raina fari, ina ganin an yi wa yaro gata.

A rana ta uku biyu daga cikin yaran suka tashi da masassara. Washegari sauran biyun da uwarsu suka bi sahu. Tsohuwa ita ce ta ƙarshe, kuma nata ya fi na kowa. Kwana takwas da fara abin, na shiga gaishe ta da asuba na tarar tana zaune ta jingina da bango, don kwanciya ta gagare ta, numfashinta sama-sama, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya ta huta ba. A asibiti aka ce murar ta sauka ƙirji ta zama ciwon haƙarƙari. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma ƙarfinta bai dawo ba sai da bazara ta shigo.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da ya ɗora wa laifi. Wannan ya ce sanyi ne ya shige su, wancan ya ce ruwan randa suka sha da sassafe, wata ta ce shekarar ce ta zo da haka. Ba wanda ya kalli ɗakin. Sai daga baya na gane cewa da hannunmu muka shirya wa cutar shimfiɗa a daren farko, kuma ƙauna ce ta sa mu yin haka. Wannan ne ya fi damuna, shi ya sa nake maka wannan magana.

Da farko ka san cewa Hausa ta haɗa abu biyu a suna ɗaya. Akwai mura ta yau da kullum, mai zuwa a hankali da yoyon hanci da atishawa, mutum na iya yin aikinsa da ita. Akwai kuma mai zafin, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ma'aikatan lafiyarmu kuma su ce girip da Faransanci. Ita wannan farat ɗaya take sauka. Mutum ya yi sallar azahar garau, kafin magariba jiki ya yi zafi rau, kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ga busasshen tari. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin wadda ake kira bairos, kuma daga jikin mutum take fita ta shiga na wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara tana kama kusan mutum biliyan 1, ta yi tsanani ga miliyan 3 zuwa 5, ta yi ajalin tsakanin 290,000 da 650,000. Kakanninmu sun ga mafi muninta. A 1918 ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa har Kano, daga nan ta bi ayari da 'yan ƙafa ta watsu. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000. Ka lura da hanyar da ta bi: duk inda mutum ya taka, nan ta taka.

Masu cewa sanyi ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A 2007 wasu masana a birnin New York sun gwada abin da ɓerayen Masar, suka ga ƙwayar ta fi saurin tsallakawa daga mara lafiya zuwa mai lafiya idan iska ta yi sanyi kuma ta bushe. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Manga ya san irin iskar da ake nufi, wadda ke tsattsaga leɓe da dunduniya. Ƙura kuma tana busar da cikin hanci, ta raunana shi, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, wadda ke sa ido kan wannan cuta a ƙasar nan tun 2009, a watannin sanyi ta fi ganinta. Amma sanyi komai tsananinsa ba ya haifar da ƙwayar. Makiyayin da ya kwana shi kaɗai a daji cikin ɗarin Janairu ba zai wayi gari da girip ba sai in ya zauna da mai ita. Babban aikin da sanyi ke yi wa cutar shi ne ya kora mu cikin ɗaki ɗaya, ya sa mu rufe ƙofa.

To, cikin masu murar wa ya fi yaɗa ta? Ba duka suka zama ɗaya ba. A 2017 da 2018 an yi wani aiki mai wuya a Afirka ta Kudu, a ƙauyukan Agincourt da garin Klerksdorp. Masu binciken suka riƙa shiga gidaje sau biyu a mako suna ɗaukar majinar hancin kowa, mai lafiya da mara lafiya, don su ga yadda cutar ke yawo tsakanin 'yan gida ɗaya. Suka tarar kusan rabin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba su ma ji komai ba. Irin waɗannan suna iya shafa wa wani, sai dai kaɗan ne, kamar 6 cikin 100 na waɗanda suke zaune tare. Wanda kuwa ciwon ya bayyana a jikinsa da alamomi biyu ko fiye, kamar zazzaɓi da tari, shi yakan shafa wa 17 cikin 100, kusan ninki uku ke nan. Ma'anar wannan a tsakar gidanka mai sauƙi ce: wanda ka ga yana tari yana zazzaɓi, shi ne garwashin da za a yi hattara da shi, kuma Allah ya sa shi ne wanda ido ke iya ganewa.

Binciken ya kuma tabbatar da abin da kowace uwa ta sani, wato ƙananan yara sun fi kamuwa, sun kuma fi yaɗawa. Dalilan a fili suke. Sau da yawa jikin yaro bai taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, don haka takan yi yawa a hancinsa, ta kuma daɗe. Babba yakan daina yaɗa ta bayan kwana biyar zuwa bakwai, yaro kuwa yana iya zarce mako. Sannan yaro bai san ya kau da kai ba. A fuskarka zai yi atishawa, ya share majina da bayan hannu, ya tsoma hannun a kwanon da kowa ke ci. Kullum yana jikin wani, ko a bayan uwa, ko a cinyar kaka, ko a kafaɗar yayarsa. Wanda wata cuta ta raunana masa garkuwar jiki shi ma yakan daɗe yana fitar da ƙwayar fiye da sauran mutane. Ba don a ƙyamaci yaro na faɗi wannan ba, ɗana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na faɗa ne don ka san cewa ranar da ɗan ƙaraminka ya dawo daga lakwal da zazzaɓi da tari, ranar ce ta yanke shawara, ba jibi ba.

Lokacin shi ne komai a wannan cuta. Daga shigarta jiki zuwa bayyanarta kwana biyu ne galibi, wani lokaci ɗaya, wani lokaci har huɗu. Mutum yana iya fara yaɗa ta kwana guda kafin ya ji ciwo, wannan ba yadda za ka yi da shi. Amma mafi yawan ƙwayar a kwana ukun farko na ciwon take fita, sannan ta riƙa ja da baya. Mu kuwa al'adarmu ta juya abin. Ranar farko mukan ce bari mu gani zuwa gobe. Rana ta biyu a nemo ƙwayar magani a kasuwa. Sai mutum na biyu da na uku sun kwanta sannan a fara cewa a raba musu wurin kwana, alhali ɓarawo ya riga ya fita da kaya. A Hong Kong an gwada ba iyalai sabulun wanke hannu da takunkumin rufe baki da hanci, aka fitar da sakamakon a 2009. Gidajen da suka amfana su ne waɗanda suka fara cikin awa 36 da bayyanar ciwon mutum na farko. Waɗanda suka makara, bambancin bai fito ba. Tun ran gini ran zane.

An yi irin wannan gwaji a Bangkok ta ƙasar Tailan, can kuwa wanke hannu da takunkumin ba su rage komai ba. Da masu binciken suka duba dalili, cikin abubuwan da suka lura da su har da wannan: 9 cikin 10 na yaran marasa lafiya a ɗakin iyayensu suke kwana. Ranar da na san wannan, ɗakin tsohuwata ne ya faɗo mini a rai. Ka wanke hannu sau goma da rana, in da dare za ku kwana awa takwas hanci da hanci a ɗakin da aka toshe, aikin ranar ya tafi a banza.

Abin da ya sa haka shi ne ƙwayar ba sai da tari ko atishawa take fita ba. A 2018 masana a jami'ar Maryland ta Amurka sun zaunar da masu girip gaban wata na'ura suna numfashi na rabin awa, suka sami ƙwayar da ranta a cikin ɗan tururin numfashin, har daga waɗanda ba su yi tari ba. Ka tuna turaren wuta. In matarka ta sa shi a ɗaki ta rufe ƙofa, bayan awa biyu ka shiga za ka tarar da shi, ya kama labule, ya kama tufafi. In a tsakar gida ta sa, kafin ka juya iska ta tafi da shi. Numfashin mara lafiya haka yake, illa dai shi ba ya ƙamshi balle ya gargaɗe ka.

Don haka ka bar wa ɗaki hanyar shan iska ko da ana ɗari. Tagar sama a buɗe ta ko da faɗin tafin hannu ne, a ƙara wa mutane bargo. Da hantsi, in rana ta fito, a buɗe ƙofa da taga duka, a fitar da shimfiɗa a shanya, mara lafiya ya zauna a inda rana ke bugawa kuma iska ba ta dukansa kai tsaye. Kaskon garwashi kuma, ina roƙonka, kada ya kwana a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa yana ƙara tari, tari kuma yana ƙara watsa ƙwayar. Bayan wannan gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani ba a shinshinawa, tana iya kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗakin tun da sauran ido biyu, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Na san abin da wani zai ce: "Baba, kai kana zancen ɗakuna, ni ɗaya gare ni, mu tara." Gaskiyarka. Tun hare-haren da aka kai Diffa da Boso a watan Fabrairun 2015, dubban mutane suka baro bakin Komadugu da tsibiran tafkin Chadi, suka zauna a gefen babbar hanya, wasu a Sayam, wasu a gidajen 'yan'uwa a nan Maine da Shetimari. Akwai gidan da a da yake ɗaukar mutum shida, yau yana ɗauke da goma sha biyar. Akwai masu kwana cikin bukkar zana da tampol. Masu aikin tattasai a bakin kogi su ma lokacin tsinka a bukka ɗaya suke cunkushewa. Ba zan ce maka ka gina ɗaki a daren nan ba. Amma ko a ɗaki ɗaya akwai gaba akwai baya. Mara lafiya ya kwanta ta wajen ƙofa ko taga, fuskarsa na kallon bango. A bar tazarar taku biyu tsakaninsa da na kusa da shi, a rataya zane a tsakani in da hali. Wanda zai kwana kusa da shi ya juya, kai wajen ƙafa. Mafi rauni a gidan shi za a kai can ƙarshen ɗaki, ko a roƙi maƙwabta su ba shi masauki na kwana uku tun bai fara jin komai ba. Matasa masu jini a jika su koma zaure ko rumfa. Wannan ba zai tsare kowa da kowa ba, amma tsakanin mutum biyu su kwanta da mutum bakwai su kwanta akwai nisa, musamman in a cikin biyar ɗin da suka tsira akwai jariri.

Su wane ne masu raunin? Tsoho da tsohuwa da suka haura 65, mai ciki, mai jego da jaririnta, yaron da bai kai shekara biyu ba, yaro mai tamowa, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, mai sikila. A nan ne al'adarmu ta fi ba ni tsoro, domin su ɗin nan su muka fi miƙa wa yaro mara lafiya. Kaka ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ita ce a zaune, sai a ce a kai mata shi. Mai ciki ba ta aikin ƙarfi, sai a ce ta riƙe shi. 'Yata, in ke ce uwar yaron, ki yi wa surukarki magana mai laushi. Ki ce, "Inna, ki bar mini shi kwana uku, in zafin ya sauka zan kawo miki mijinki da kaina." Kai kuma ɗana ka tsaya mata, don kunya ba za ta bar ta ta musa wa mahaifiyarka ita kaɗai ba. Mutum ɗaya mai ƙarfi a ware ya yi jinya, kada jinyar ta zagaya hannu biyar. Mai jinyar ta rufe hanci da baki in za ta matsa kusa. In ba takunkumi, gefen mayafi da aka ninka ya fi babu. Mai shayarwa in ita ce ta kamu, kada ta yaye ɗanta ko ta daina ba shi nono, domin nonon kariya ne gare shi. Ta wanke hannu da sabulu, ta rufe fuska, ta shayar da shi.

Yanzu bari in juyo kanka, maigida, don kai ma mai yaɗawa ne, kuma kai da hankalinka kake yi. Namiji ya ɗauki kwanciya don mura abin kunya. Sai ya haɗiyi ƙwaya biyu, zafin ya sauka, ya ɗaura rawani ya fita. Ka sani farasitamol zafin jiki da ciwon kai kawai yake saukarwa, ƙwayar cutar tana nan tana fita daga hancinka kamar yadda take. Ka shiga sahu a masallaci kafaɗa da kafaɗa da dattijo ɗan shekara tamanin. Ka zauna a fada, kofin shayi ɗaya ya zagaya mutum takwas. Ka shiga motar Diffa, tafiyar kusan kilomita 70 gilashi a rufe saboda ƙura. Duk wanda ka zauna da shi ya koma gida da tsarabar da bai saya ba. Rashin lafiya uzuri ne da shari'a ta sani, ka tambayi limaminku zai gaya maka. Addinin da ya ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada warinta ya cutar da jama'a, ba zai so ka kai musu masassara ba. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa, ya kuma hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya a mashaya. Makiyayan da ke shayarwa a rijiyoyin ƙasar nan, Fulani da Tubawa da Larabawa, ba sai an yi musu fassarar wannan ba.

In kana da mata fiye da ɗaya, akwai wata hanyar da ba a cika faɗa ba. Maigida mai girip da ke bin ɗakuna bisa rabon kwana, shi da kansa yake ɗaukar cutar daga wannan ɗaki ya kai wancan, kowane ɗaki kuma da 'ya'yansa. Cikin kwana huɗu ya gama da gidan. Ka tara su ka nemi yardarsu, ka zauna wuri ɗaya har zafin ya sauka ka ƙara kwana guda, sannan rabo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kana da abin koyi, domin a ciwonsa na ƙarshe Annabi ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha, suka yarda. Matar da aka nemi yardarta da mutunci, aka kuma nuna mata lafiyar 'ya'yanta ake nema, da wuya ta ƙi.

Dubiya ibada ce, ba zan hana ka ba. Sai dai ba dole ne mutum goma su shiga ɗaki su zauna a bakin gado ba. A tsaya daga ƙofa a ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, a ajiye abin da aka kawo, a yi addu'a a juya. Wanda yake tari kuma ya haƙura da zuwa barka. Jaririn kwana bakwai ba shi da abin da zai tare wannan cuta da shi, kuma ranar suna hannu nawa ne ke karɓarsa? Aika da goronka da turmin zanenka, ka je bayan mako guda.

Zancen moɗa da kwano gajere ne. Ƙwayar tana iya kwana ɗaya ko biyu a kan ƙarfe da roba, a kan tufafi kuwa awoyi ne. A ware wa mara lafiya kofinsa da cokalinsa da butarsa, kada moɗar randa ta taɓa bakinsa. Tsumman share majina a wanke shi da sabulu a shanya a rana, kaki a tofa a rufe da ƙasa. Ruwa yana da tsada a wasu unguwanni, na sani, amma buta ɗaya da guntun sabulu a bakin ƙofar ɗakin sun isa. Kawai kada ka wanke kwanuka ka ga kamar ka gama, alhali taga na toshe.

Magani kuma, a nan ake asarar kuɗi. Kafso mai launi biyu da masu talla ke yawo da shi a faranti cikin rana, da sauran magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin, ba sa taɓa ƙwayar girip ko kaɗan. Amfaninsu sai in wata cutar ta hau kan murar, kuma ma'aikacin lafiya ne zai gane haka. Kada a ba yaro asfirin yana wannan zazzaɓi, yana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. Zuma na sanyaya tari, amma ban da jaririn da bai cika shekara ba. Abin da jiki ke so shi ne hutu da abin sha mai yawa, kunu, romo, ruwa mai ɗumi. In za a yi sirace, mutum ɗaya a bargo ɗaya, kada a tura yara uku su shaƙi numfashin juna a kan tukunyar tafasasshen ruwa. Akwai maganin girip na gaskiya, sunansa oseltamibir, amma cikin awa 48 na farko ya fi aiki, kuma likita ne ke rubuta shi. Akwai allurar rigakafinta da ake sabuntawa duk shekara, in mai rauni a gidanka ya sami hanyarta ya yi. Abin da ke hannunka kuwa shi ne katin rigakafin yaranka. Tun 2014 aka shigar da allurar da ke kare yara daga babbar ƙwayar ciwon haƙarƙari cikin jerin alluran ƙasar nan, kuma sau da yawa wannan ciwon ne ke biyo bayan mura ya yi kisa. Ka duba katin, ka cike abin da ya rage.

Kada kuma ka yanke wa kowane zazzaɓi hukuncin mura. Mu da ke kusa da Komadugu da lambuna sauro ba ya ƙare mana da ɗaukewar damina. A kai yaro likita a ɗiga jininsa, cikin minti ashirin an san ko zazzaɓin cizon sauro ne. Rani kuma lokacin sanƙarau ne, zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a asibitocinta. Ko da wata rana ka tarar maganin ya yanke sai ka saya, dubawar kanta ta isa dalilin zuwa.

Akwai abu ɗaya da nake so kowane uba ya iya, wato ƙirga numfashi. Ka bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba. Ka ɗaga rigarsa, ka duba agogon wayarka, ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko an tashe shi ba ya farkawa sosai, ka ɗauke shi a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Ga babba, alamar ita ce numfashi ya gagara, ƙirji na suka, hankali ya rikice, ko zazzaɓin ya sauka kwana biyu sannan ya dawo da ƙarfi tare da kaki mai launi. Wannan na ƙarshen shi ya sami mahaifiyata. Mun ga ta ɗan warware har ta sha fura, muka yi hamdala, ashe na biyun ne ke tahowa.

Tun daga waccan shekarar, duk farkon watan Nuwamba nakan sa a kwashe buhunan da ke ɗan ɗakin kusa da zaure, a share shi, a cire abin da ya toshe tagarsa. Akwai tabarma da bargo biyu a ciki, da buta, da kofi mai jan hannu wanda kowa a gidan ya san na mai mura ne. Bara jikata ce ta fara shigarsa, ita da uwarta, ranar wata Laraba da yamma. Na riƙa zuwa bakin tagar ina mata hira, tana miƙo mini hannu ina ce mata sai jibi. Ranar Lahadi ta fito tana neman ƙosai. Ƙaninta ɗan wata huɗu da ke ɗakin kishiyar uwarta ko tari bai yi ba.